Tarihin Ƙwayar Gadon da ke Kare Wake daga Wuta-Wuta a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya lura da cewa babban kaso na filin da ganuwar birni ta kewaye gonaki ne da filaye, gidaje kuwa sun taru ne a sashe guda. Hikimar wannan tsari a fili take: idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, sai sarakunan ƙofa su rufe ƙofofi, mutanen ciki su ci abin da suka noma. Ni da na tashi a unguwar Ƙofar Na'isa ban tarar da gonakin ba. Abin da ya rage mana shi ne sunaye irin su Gandun Albasa, wanda yau gidaje da ma'aikatu suka cinye. Ita kanta tsohuwar ƙofar an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka gina wata a gurbinta. Amma ba a daina suyar ƙosai da safe a bakin ƙofar ba, ba a kuma daina tuƙa ɗanwake a cikin lunguna ba, kuma waken da ake yin su da shi daga gonakin karkara yake zuwa, inda yake fama da abokin gaba wanda manoma ke kira wuta-wuta ko ƙuduji.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka gano wata ƙwayar gado guda ɗaya da ke kare wake daga wuta-wuta, da yadda ta iso gonakin Kano, da kuma irin aikin da take yi, watau sa tsiro ya kashe wani yanki na jikinsa da kansa domin sauran jikin ya tsira. Abin da nake son nunawa shi ne, an ci moriyar wannan ƙwayar gado wajen shekara ashirin kafin a san siffarta, kuma tun kafin a san siffar tata aka ga iyakar ƙarfinta.

Tilas ne in fara da daidaita kalmomi biyu, domin a rubuce-rubucen Hausa akan kira su duka da suna ɗaya, "ƙwayar halitta", sai magana ta cakuɗe. Jikin tsiro an gina shi ne da 'yan ƙananan ɗakuna masu rai, jere kamar saƙar zuma, waɗanda ba a ganin su sai da madubi mai ƙara girman abu. Baturen Ingila Robert Hooke, da ya fara ganin su a 1665, da ƙananan ɗakuna ya kwatanta su, saboda haka zan kira kowane ɗayansu "ɗakin rai". Ita kuwa "ƙwayar gado" ita ce umurnin da ke rubuce a cikin kowane ɗaki, wanda tsiro ke gada daga iyayensa, wanda kuma da shi ɗakin ke ƙera furotin iri kaza domin aiki kaza.

2.0 Mafarin Bincike

Manomi ya daɗe da sanin cewa wani iri ya fi wani jure cuta. Abin da ya sa yake ware zangarniyar kirki ya rataye ke nan. Abin da masana suka ƙara shi ne ƙidaya. A 1905 Rowland Biffen na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa juriyar alkama ga cutar tsatsa gado ce, kuma tana bin ƙa'idar lissafin da Mendel ya fitar a 1866. Kafin wannan da shekara uku, Marshall Ward ya lura da wani abin mamaki a ganyen wata ciyawa: a irin da ke jure tsatsa, ɗakunan ran da ke daidai wurin da cutar ta shiga sukan yi maza su mutu, su bar ɗan tabo. A 1915 E. C. Stakman, a Minisota ta Amurka, ya ga irin wannan a hatsi, ya ba shi suna mai ma'anar "wuce haddi wajen jin taɓi". Tsatsa ba ta rayuwa sai a jiki mai rai. Idan ɗakunan da ke kewaye da ita suka mutu, sai ta rasa abinci, ta mutu a inda take.

Wanda ya ɗaure zaren kuwa shi ne Harold Flor, da aikin da ya yi a Dakota ta Arewa daga shekarun 1940 zuwa na 1950 a kan wani tsiro mai zare kamar rama da ake kira filakis. Flor ya yi barbarar tsiron, ya kuma yi barbarar ita kanta cutar, abin da ba kasafai ake yi ba a lokacin. Ya tarar cewa kowace ƙwayar gadon juriya a jikin tsiro tana da takwararta a jikin cuta. Tsiro ba ya tashi tsaye sai ya shaida alamar da wannan takwara ke haifarwa. In cutar ta yar da alamar, ko ta sauya mata kama, sai ta wuce ta gaban sarkin ƙofa bai gane ta ba. Wannan ƙa'ida ce za mu sake haɗuwa da ita a gonar wake.

3.0 Daga Gyaɗa zuwa Wake

Ba sai na tsawaita a kan tarihin gyaɗa a gaban wannan taro ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, dalar gyaɗa ta zama alamar gari. Sannan fari ya zo a farkon shekarun 1970, a bayansa kuma, a 1975, cutar kuturtar gyaɗa wadda darɓa ke yaɗawa ta halaka wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Abin takaici a nan shi ne, tun a shekarun 1950 masu bincike na Faransa suka sami irin gyaɗa mai jure wannan cuta daga yankin iyakar ƙasashen da a yau ake kira Burkina Faso da Kwaddebuwa. Sai dai iri ne mai daɗewa kafin ya nuna, bai dace da gajeriyar daminar Kano ba. Juriyar tana nan a rumbun masana, amma ba ta cikin irin da manomi zai iya shukawa. Wannan matsala ce ta sake ɗagowa a sha'anin wake.

Bayan faɗuwar gyaɗa darajar wake ta ƙaru a wajen manoman arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, ƙasashe biyun da ke kan gaba a duniya wajen noman sa. Manomin Kano yakan shuka shi a tsakanin gero da dawa, yana da irinsa na gargajiya kamar Ɗan Ila da Kanannado, yana cin ƙwaya, dabbobinsa na cin harawa. Amma gonar da ta gaji, mai rairayi, wadda ruwa bai wadace ta ba, ita ce wuta-wuta ke so.

A nan ya kamata a bambance. Wuta-wutar da ke kama dawa da gero, mai dogon jiki da jan fure, daban take da wadda ke kama wake, wadda gajeriya ce, mai rassa cunkus, ganyenta kamar ɓawo, furenta ƙanana. Ɗabi'arsu dai ɗaya ce. Ƙwayar irinta kamar ƙura take, tushe guda na zubar da dubbai masu yawa, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba ta mutu ba. Ba ta tsira sai ta ji ɗanɗanon wani sinadari da saiwar mai masaukinta ke fitarwa. A 1966 aka fara tace irin wannan sinadari daga saiwar auduga. Da ta tsira sai ta miƙa ɗan zare ta kama saiwar wake, ta huda ta da wata gaɓa da zan kira matsotsi, ta haɗa jijiyarta da jijiyar wake, ta riƙa zuƙe ruwa da abinci. Kafin manomi ya ga kanta a bisa ƙasa ta riga ta yi makonni tana ɓarna a ɓoye. Dalili ke nan da ya sa cirewa da hannu ba ta ceton amfanin bana. Iyakarta ta rage irin da zai zuba domin baɗi. Ko da yake ita tsiro ce mai fure, zamanta a jikin wake zaman cuta ne, kuma da makaman yaƙi da cuta wake ke tarbar ta.

4.0 Baƙon Wake daga Botsuwana

A farkon shekarun 1980 aka sami wani wake na ƙasar Burkina Faso, wanda aka sa wa suna Suvita-2, da wuta-wutar can ba ta iya masa. Aka yi murna, aka kawo shi Nijeriya da Nijar, sai ga shi ya faɗi warwas. Daga nan aka fara fahimtar cewa wuta-wutar wake jinsi-jinsi ce, ido ba ya bambance su, sai dai a shuka musu wake iri-iri a ga wanda suka kama. Daga baya aka ba su lambobi: SG1 a Burkina Faso, SG2 a Mali, SG3 a Nijeriya da Nijar, SG4 a Binin, SG5 a Kamaru. Namu na Kano shi ne na uku, kuma yana daga cikin mafiya tsanani.

Maganin ya fito ne daga inda ba a zata ba. Wani wake na gargajiya daga Botsuwana, can kudancin Afirka, mai lamba B301, an fara lura da shi ne saboda yana jure wata 'yar'uwar wuta-wuta mai rawayan fure da ake kira Alectra. Da aka gwada shi da wuta-wutar Afirka ta Yamma a cibiyar bincike ta Long Ashton da ke Ingila, sai ya tsaya, har da ta Nijeriya.

A nan ne labarin ya shigo ƙasarmu. B. B. Singh na Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa-da-Ƙasa, IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, da A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi barbarar B301 da waken da wuta-wuta ke ci. 'Ya'yan farko duk suka jure. A cikin jikoki kuwa, kashi uku suka jure, kashi ɗaya ya faɗi. Duk ɗalibin da ya san lissafin Mendel ya san ma'anar uku-da-ɗaya: ƙwayar gado ɗaya ce tak, mai rinjaye. A 1990 suka buga wannan sakamako, a shekarar kuma IITA ta buɗe reshenta na Kano, da gonar gwaji a Minjibir. Tun wajejen wannan lokaci ake ganin harafin K a lambobin sababbin irin da cibiyar ke fitarwa.

Shi B301 kansa ba waken kasuwa ba ne; ƙwayarsa ƙanana ce, ba wadda mai ƙosai za ta taya a Dawanau. Aikin da ya ci shekaru shi ne ɗauko juriyar kaɗai a zuba ta a jikin wake mai kyan gani, ta hanyar maimaita barbara da tankaɗe zuriya bayan zuriya a gonar da aka cika da irin wuta-wuta da gangan. Daga wannan aiki aka sami IT90K-59 da IT90K-76, daga baya kuma IT97K-499-35, wanda aka saki ga manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. Ina so a lura da shekarun: an gane cewa ƙwayar gado ɗaya ce a 1990, SAMPEA 10 mai ɗauke da ita ya samu cikakkiyar shaidar hukuma a 2008, duk wannan kuwa babu wanda ya taɓa karanta rubutun ƙwayar. Da lissafi da ido da haƙuri aka yi aikin. A ganina masu rubuta tarihin kimiyya sukan tauye wa irin wannan aiki haƙƙinsa, su ba ɗakin gwaji duk yabon.

5.0 Abin da ke Faruwa a Cikin Saiwa

Masanan Long Ashton sun bayyana a 1993 abin da suka gani a saiwar B301 ta madubi. Wuta-wuta takan tsira kamar yadda ta saba, ta kama saiwa, ta fara huda. Cikin 'yan kwanaki sai ɗakunan ran wake da ke kewaye da wurin hudar su yi duhu su mutu, baƙuwar ta bushe ba ta kai ga jijiya ba. Waɗanda suka tsallake wannan mataki kuwa sukan yi ɗan ƙullutu, su tsaya a nan ba su girma. Watau abin da Ward da Stakman suka gani a ganye shi ne ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa.

Sai a 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka ware ƙwayar gadon, suka sa mata suna RSG3-301, watau mai jure jinsi na uku, daga B301. Suka tarar furotin da take ƙerawa ɗan wani babban gida ne da aka riga aka sani tun 1994, lokacin da aka ware irinsa daga taba da wani ɗan ƙaramin tsiron gwaji ɗan'uwan kabeji mai suna Arabidopsis. 'Yan wannan gida masu gadi ne: wani sashe na jikinsu na shaida baƙo, wani sashe kamar makulli yake, a rufe har sai an shaida baƙon, sashe na uku kuma shi ke ba da umurnin mutuwa. Hujjar da suka kafa mai ƙarfi ce. Da suka toshe bakin ƙwayar a saiwar B301, sai mutuwar ɗakunan ta ragu, jinsi na uku ya shiga ya kama. Amma juriyar waken ga waɗansu jinsunan ba ta taɓu ba. Ƙa'idar Flor ke nan, a tsakanin tsiro da tsiro.

Yadda umurnin mutuwar ke gudana an gan shi ne a 2019, sa'ad da masana a ƙasar Sin, ƙarƙashin Jijie Chai da Jian-Min Zhou, suka ɗauki hoton wani furotin na wannan gida mai suna ZAR1. Idan ya shaida baƙo, sai guda biyar su haɗu su yi da'ira, ƙarshensu ya fito kamar mazurari. A 2021 aka nuna cewa mazurarin yana huda tantanin da ya lulluɓe ɗakin rai, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, ɗakin ya mutu. A kan Arabidopsis aka yi wannan aiki. Dangantakar gida ce ta sa na kawo shi a zancen wake.

Makami irin wannan kuwa dole a sa masa linzami, in ba haka ba ya ci mai shi. Akwai wani sha'ir da aka samo daga Habasha a shekarun 1930 wanda wata cutar fumfuna ba ta kama shi, amma ganyensa yakan yi tabo-tabo na matattun ɗakuna ko da babu cuta. A 1997 aka ware ƙwayar gado mai suna Mlo, wadda aikinta danne tsaro da mutuwa, kuma ita ce ba ta aiki sosai a jikinsa. Haka kuma abokin gaba na iya juya makamin. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1940, an yaɗa irin wani hatsi da ake kira ot, zuriyar Victoria, saboda yana jure tsatsa. Sai wata fumfuna mai cin mataccen jiki ta zo da dafin da ke tayar da wannan umurni na mutuwa, ta mai da garkuwar akushinta, gonaki suka lalace. Bugu da ƙari, an sami tsirran da ke tare cuta ba tare da ɗaki ko ɗaya ya mutu ba, kamar dankalin Turawa mai ƙwayar gadon Rx. Saboda haka ban yarda da masu koyar da ɗalibai cewa mutuwar ɗaki ita ce juriya kanta ba. Ɗaya ce daga cikin matakai, ko da yake a kan mai tsotson jiki mai rai irin wuta-wuta mataki ne mai nauyi ƙwarai.

6.0 Zakpota

Tun a farkon shekarun 1990, alhali ana tsakiyar aikin barbara a Kano, labari ya zo daga Zakpota a kudancin Jamhuriyar Binin cewa wuta-wutar can tana kama B301. Aka ba ta lamba SG4z. Kusan shekara talatin aka yi kafin a san dabararta. A 2020 Timko da abokan aikinsa suka nuna cewa matsotsin wannan jinsi yana zuba wa saiwar wake wani ɗan furotin, SHR4z, wanda ke manne wa wani furotin na wake mai suna VuPOB1. Shi wannan na biyun yana cikin masu isar da umurnin mutuwa: da aka rage shi a saiwar B301, sai mutuwar ɗakuna ta ragu ko a gaban jinsi na uku; da aka ƙara yawansa, sai ta Zakpota ta rage samun shiga. Da kuma aka sa saiwar B301 ta riƙa ƙera SHR4z da kanta, sai tsaronta a kan jinsin Nijeriya ya yi rauni. Ashe ba ɓad-da-kama kaɗai abokin gaba ke yi ba. Yana iya barin sarkin ƙofa a tsaye, ya kama ɗan aiken da zai kai labari.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. SAMPEA 10 ne aka yi amfani da shi wajen samar da SAMPEA 20-T, waken nan mai jure tsutsar fure da kwanso wanda Samaru ta fitar a 2019, saboda haka gadon B301 sai ƙara yaɗuwa yake yi a gonaki. Duk lokacin da gonaki masu yawa suka dogara ga mai gadi guda, to duk ƙwayar wuta-wutar da ta iya tsallake shi ita kaɗai za ta yi fure ta zubar da iri. Irin nata kuwa ƙura ne, yana bin buhu da ƙafar dabba da takin da aka kwaso daga wata gona, hatsi kuma na shiga Dawanau yana fita zuwa ƙasashe maƙwabta kullum. A rumbun IITA da ke Ibadan akwai wake fiye da iri 15,000, kuma daga gonakin talakawa aka tattaro mafi yawansu, kamar yadda aka samo B301 da Suvita-2. Shawarar da zan kawo wa malaman kwalejojin ilimi da ke wannan zaure ita ce, ɗalibanmu na sashen noma da na Hausa, waɗanda akasarinsu 'ya'yan manoma ne, su riƙa rubuto mana a kundin kammala karatunsu sunayen irin waken garuruwansu, da wanda manoma suka shaida wuta-wuta ba ta cika kama shi ba, da gonar da aka shuka ingantaccen iri amma aka ga ta fito a gindinsa, tare da shekarar da aka gani.